Abokina makaɗin ganga ya faɗa shan ƙwaya, kuma bakina ake jira a kore shi

Assalamu alaikum Yaya. Ni mutumin Kano ne, shekarata 31. Karatu ya kawo ni Amurka shekara tara da suka wuce, na gama na samu aiki a jihar Ohio. Da rana ina ofis, da dare ina kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar kiɗan rok mai zafi, mu huɗu. Wanda ya jawo ni harkar shi ne makaɗin gangarmu, Ba'amurke. A shekarata ta biyu kuɗi ya yanke min, shi ya kai ni gidan mahaifiyarsa, na yi wata bakwai ina ci ina kwana ba a karɓi ko sisina ba. Da azumi ya zo, matar nan har abincin buɗa-baki take ajiye min.

Shekara biyu da suka wuce ya ji ciwo a baya a wurin aiki, likita ya rubuta masa maganin kashe zafi. Na likita ya ƙare, shi bai daina ba, yanzu a titi yake saye. Ya fara makara wurin atisaye. Sau biyu kiɗa na kuɓuce masa a gaban jama'a. Akwai ranar da na same shi a gareji yana wani irin barci, da ƙyar na tashe shi. Na sha ranta masa kuɗi, na sha yi wa sauran ƙarya cewa mura ce. Mahaifiyarsa ba ta sani ba, ya roƙe ni kada in faɗa mata.

Yanzu wani manaja ya samo mana rangadin wata biyu, mu riƙa buɗe fage ga wata ƙungiya da ta fi mu suna, za a fara nan da wata uku. Sharaɗinsa shi ne a canza makaɗin ganga. Mawaƙinmu ya ce a tura masa saƙon waya kawai a sallame shi. Mai jita ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. Ba mu da wata takarda a tsakaninmu, kuma shi ya raɗa wa ƙungiyar suna, waƙoƙin ma tare muka tsara. In na yarda na ci amana, in na ƙi na tare wa mutum biyu hanyar arzikinsu. Yaya zan yi?

Ƙaninka a Ohio

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a karo na biyun wuri ɗaya na tsaya: garejin nan. Kai maganar rangadi ce ta hana ka barci, ni kuwa barcin da abokinka ya yi a gareji ne ya tayar min da hankali, don haka ka yi haƙuri da shi zan fara.

Ƙwayar da ake sayarwa a titi a Amurka yau ba irin wadda likita ya rubuta masa ba ce, ko da kamanninsu ɗaya. Da yawa jabu ne, an cusa musu fentanil, sinadarin da ɗan ƙanƙani daga cikinsa ke tsayar da numfashi. A 2021 da 2022 mutum sama da 100,000 ne suka mutu kowace shekara a ƙasar saboda shan ƙwaya fiye da ƙima, kuma fentanil ce ke kan gaba. Mutumin da ake girgizawa ya kasa farkawa ya leƙa bakin wannan rami ne ya dawo. Saboda haka tun kafin ka yi magana da kowa, ka shiga kantin magani ka sayi naloxone, wanda aka fi sani da Narcan, na fesawa a hanci. Tun 2023 ake sayar da shi ba tare da takardar likita ba, kuma a jiharku akwai shirin ma'aikatar lafiya mai suna Project DAWN da ke raba shi kyauta. Ka ajiye ɗaya a jakar jitarka, ɗaya a garejin. Idan ka sake samunsa numfashi na ja da baya, leɓɓa sun sauya launi, yana wani gurnani kamar minshari, ka fesa masa, ka kira lambar gaggawa 911, ka kwantar da shi a gefensa. In bai motsa ba bayan minti biyu zuwa uku ka ƙara na biyu. Ko ya farka kada ka fasa kiran motar asibiti, don ƙarfin maganin yana iya gushewa kafin na ƙwayar.

To, mu dawo kan ƙuri'arka. Abin da ya sa ka ga gaba kura baya sayaki shi ne ka ɗaure abu uku a ƙulli ɗaya: ran abokinka, kujerarsa a bayan ganga, da haƙƙinsa a cikin abin da kuka gina. In ka kwance su za ka ga kowanne da amsarsa daban. Kuma tunda harkarku rok ce, bari in ba ka labarin gidanku, don waɗanda suka riga ku sun bi ta nan.

Ka san Aerosmith. A Boston suka haɗu a 1970, samari biyar a gidan haya ɗaya a kan titin Commonwealth, suna ci tare suna atisaye tare. Steven Tyler da kansa makaɗin ganga ne kafin ya koma gaba ya riƙe makirfo, Joey Kramer ya bar kwalejin kiɗa ta Berklee ya hau kujerar. Kamfanin faifai na Columbia ya ɗauke su a 1972, zuwa 1975 da 1976 sun zama cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar, suna cika filayen ƙwallo. A daidai lokacin ne ƙwaya ta ci su, har aka yi wa Tyler da mai jita Joe Perry laƙabi da tagwayen guba. A Yulin 1979, a nan jiharku, a Cleveland, rigima ta tashi a bayan fage tsakanin matan biyu daga cikinsu, har aka watsa wa wata madara. Abin dariya ne in an ba da labari, amma daga nan Perry ya bar ƙungiyar. Kowa ya san ba madarar ce ta raba su ba, shekaru aka yi ana haɗiye magana ana rufa wa juna asirin da bai kamata a rufa ba. Ɗaya mai jitar, Brad Whitford, ya bi bayansa a 1981. Aka kawo wasu masu jita biyu, ƙwararru kuwa, amma kasuwa ta ci gaba da faɗuwa, Tyler har yanke jiki ya yi ya faɗi a kan dandamali.

Sun sake haɗuwa a 1984, kuma ka lura, haɗuwar kaɗai ba ta gyara komai ba. Faifan da suka fitar a 1985 bai yi wani tasiri ba. Abin da ya juya lamarin ya faru ne a 1986, lokacin da manajansu Tim Collins da sauran 'yan ƙungiyar suka zaunar da Tyler suka gaya masa gaskiya a fuskarsa, ya tafi cibiyar jinya. Su ma masu yi masa faɗan ba tsarkaka ba ne, laifi tudu ne, amma ɗaya bayan ɗaya suka bi sahu suka je aka yi musu magani. Faifansu na 1987 ya sayar da kwafi miliyan 5 a Amurka kaɗai. A 1998 waƙarsu ta hau lamba ɗaya a babban jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard a karon farko, shekara 28 bayan kafuwarsu, a 2001 aka shigar da su zauren karramawa na rok, wanda shi ma a Cleveland yake.

Ga kuma ɗaya hanyar. Ƙungiyar da ta buɗe wa Aerosmith fage a rangadin 1988 ita ce Guns N' Roses ta Los Angeles, wato irin matsayin da ake kiran ku ku riƙe yanzu. Makaɗin gangarsu Steven Adler abokin mai jita Slash ne tun suna yara a makaranta. Hodar iblis da heroin suka kama shi har ya kasa aiki a situdiyo, a 1990 aka sallame shi. Ya kai su kotu, a 1993 aka sasanta a kan dala miliyan 2.25 da kason kuɗin waƙoƙin da ya kaɗa. Korar ba ta sa ya daina ba, a 1996 shanyewar jiki ta same shi saboda ƙwaya. Sai a 2016, shekara 26 bayan korar, ya sake hawa dandamali da su a matsayin baƙo, a Cincinnati.

Ba ina cewa na farkon waliyyai ne na biyun azzalumai ba. Adler da gaske ya kasa kiɗan, kuma ƙungiya ba asibiti ba ce. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, rufa-rufa ta kusa kashe Aerosmith, sallama ba tare da tsari ba ta jawo wa Guns N' Roses shari'a ta bar abokinsu a rami. Kai yanzu rufa-rufar kake yi, mawaƙinku kuma sallamar yake nema.

Zan gaya maka magana mai ɗaci, ka karɓe ta daga yayanka. Ƙaryar mura da rancen da kake ba shi, kai kana ganin biyan alheri ne. Na fahimci zuciyar da ta sa ka, mutumin da ya ba ka masauki a ƙasar da ba ka da kowa ba a juya masa baya. Amma kowace dala da ka miƙa masa ka san inda take zuwa, kowace ƙarya kuma ta ƙara masa mako guda bai fuskanci halin da yake ciki ba. Daga yau ka daina ba shi tsabar kuɗi. In yunwa ce ka saya masa abinci, in haya ce kuma kana da hali ka biya mai gidan kai tsaye. Ka kuma gaya masa a fili cewa ba za ka sake yi wa kowa ƙarya dominsa ba.

Shi ma ka duba shi da adalci. Ba neman maye ya kai shi ba, ciwon baya ne da takardar likita, kamar dubban ma'aikata a jihar nan. Irin wannan magani yana sauya jiki ta yadda in aka daina farat ɗaya sai ciwon gaɓoɓi da amai da gudawa da rashin barci su taso, shi ya sa "ka daure ka bari" ba ta cika aiki ba. Akwai magani na gaskiya da likitoci ke bayarwa, buprenorphine ko methadone, masu kwantar da wannan ƙishirwa su rage haɗarin mutuwa sosai, mutum ya ci gaba da aikinsa. Hukumar SAMHSA ta gwamnatin Amurka, mai kula da matsalar shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, tana da layin waya na kyauta dare da rana da ke nuna wa mutum cibiyar da ke kusa da shi, har da waɗanda ba su da inshora. Gidauniyar MusiCares, ta masu shirya kyautar Grammy, tana taimaka wa makaɗa da kuɗin jinyar shaye-shaye, ku tuntuɓe su ku ji ko ya cika sharuɗɗansu. Idan wata rana ya fara maganar ya gaji da duniya, 988 ake kira, layin taimakon masu tunanin kashe kansu. Ka nemo waɗannan bayanai tun kafin ku zauna, don ranar da ya ce "to, na yarda" a samu inda za a kai shi a ranar, kada a ce sai wani mako.

Mawaƙinku kuwa kada ka ɗauke shi maƙiyi. Mutum ya yi shekaru yana rera waƙa a mashaya gaban mutum talatin, ga ƙofa ta buɗe, yana ganin za a rufe ta saboda laifin da ba nasa ba. Tsoronsa halal ne. Kuma gaskiyarsa ce cewa abokinku ba zai iya wannan rangadi ba. Ni ma ra'ayina ke nan, kuma dalilina ya wuce kiɗa: wata biyu a mota, gari zuwa gari, ba barci, kowane dare a wurin da ake sha, kujerar ganga tana ƙara masa ciwon baya, ga masu sayarwa a garuruwan da bai san kayansu ba. Ko da ya shiga jinya gobe, wata uku ya yi kaɗan, kuma wanda ya ɗan daina ya koma ya sha adadin da ya saba shi ne ya fi kowa shiga haɗari, don jikinsa ya riga ya sauka. Kai shi wannan tafiya ba gata ba ne. Inda mawaƙin ya kauce shi ne saƙon waya. Wanda ya raɗa wa ƙungiya suna ba a sallamarsa kamar ɗan haya. Mai jita kuma da ya ce duk abin da ka yanke, ka mayar masa da kayansa. Ya ɗora maka nauyi ne don kada a ga hannunsa. Ku ukun za ku zauna, kowa ya faɗi tasa da bakinsa.

Ga abin da zan kai gaban sauran in ni ne kai. A ɗauko makaɗi na haya don wannan rangadin kaɗai, a biya shi kuɗin aikinsa, a gaya masa tun farko cewa riƙon ƙwarya yake yi. Abokinku ya tafi hutun jinya, kujerarsa na jiransa zuwa wani lokaci da za ku ƙayyade, wata shida ko tara. Manaja abin da yake so shi ne kada a ji kunya a kan dandamali, kuma wannan tsari ya biya masa buƙata. In ya dage sai an kore shi har abada, to ku tambaye shi dalili, ku kuma yi hattara da mutumin da tun bai fara aiki da ku ba yake zaɓar wanda zai zauna a gidanku.

Sai takarda, kuma a nan ina so ka nutsu. Kun yi shekaru a kan amana, madalla, amma kuɗi na gab da shigowa, tun ran gini ake zane. Ku nemi lauyan da ya san harkar kiɗa ya rubuta muku yarjejeniyar ƙungiya: wa ke da sunan, me wanda ya fita zai samu, yaya ake raba kuɗin wasa da na faifai. Waƙoƙin da kuka tsara tare a yi musu rajista a ASCAP ko BMI, ƙungiyoyin da ke karɓar wa masu tsara waƙa kuɗin haƙƙinsu, da sunan kowa da kasonsa, har da shi, don haƙƙin wanda ya tsara waƙa ba ya faɗuwa saboda ya daina kaɗawa. Ku ba shi dama ya nuna wa wani nasa takardar kafin ya sa hannu, kuma kada a sa shi sa hannu yana cikin maye, irin wannan ce ke komawa kotu. Mafi muhimmanci, a rubuta sharaɗin dawowarsa dalla-dalla: yana bin jinyarsa, ya halarci atisaye kaza a jere, wa zai yanke hukunci. Aerosmith ɗin ma sun yi tuntuɓe a nan. Kramer ya ji rauni a 2019 aka sa mai kula da gangunansa ya riƙe masa, da ya ce ya warke sai aka ce ya yi gwaji tukuna. Mutumin da ya yi kusan shekara 50 a kujerar ya kai 'yan'uwansa kotu a Janairun 2020, alƙali bai ba shi gaskiya ba, sai daga baya suka shirya ya koma. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yadda za a gaya masa ma abin lura ne. Ka fara ganinsa kai kaɗai, da safe, lokacin da idonsa ke buɗe, ba a gareji ba kuma ba bayan wasa ba. Kada ka fara da rangadi. Ka fara da ranar da ka kasa tashinsa, ka gaya masa abin da ka ji a ranka. Ka faɗi abin da ka gani da ranakunsa, ba tare da zagi ko kiransa da wani suna ba. Sannan ka ce ga abin da ƙungiya ke shirin yi, ga abin da ka tsaya ka ƙwato masa, ga wurin da za ka raka shi yau in ya yarda. Zai iya fushi. Zai iya tuna maka wata bakwai ɗin nan, ya ce abin da za ka saka masa da shi ke nan. Ka shirya wa wannan magana tun yanzu don za ta yi zafi, ka amsa masa cewa saboda wata bakwai ɗin ne ka zo da kanka ba ka bari an tura masa saƙo ba.

In ya ƙi fa? To rangadi zai tafi ba shi, haƙƙinsa na waƙa na nan a rubuce, ƙofarka a buɗe, aljihunka a rufe. Ba za ka iya warkar da shi da ƙarfi ba. In kuma ya yarda, kada ka ɗauka an gama. Tyler ya koma jinya a 2009 saboda maganin kashe zafi, ya sake komawa a 2022 yana da shekara 74 bayan tiyatar ƙafa, har aka soke wasanninsu a Las Vegas. Ciwon yana da dawowa, kuma dawowarsa ba ta nufin jinyar ta tashi a banza. Da wannan faɗi-tashin suka kai har Agustan 2024, lokacin da suka sanar da daina rangadi saboda raunin da Tyler ya ji a maƙogwaro. Kai ma ka nemi inda za ka sauke naka nauyin, akwai zaman Nar-Anon na dangi da abokan masu wannan matsala, in kuma akwai wani babba a masallacinku da ka yarda da shi ka buɗe masa cikinka.

Akwai kuma zaɓin da ba ka ambata ba: kai ka ƙi tafiya ka zauna da shi. Ban ba ka shawarar haka ba. Zamanka ba zai zama magani ba, sauran biyun za su riƙe ka a zuci, shi kuma za ka ɗora masa nauyin cewa ya hana ka ci gaba. Ka je, amma ka bar shi a hannun wani.

Wanda ya kawo mu ga mahaifiyarsa. Ya roƙe ka ka yi shiru, ka kuma yi. Amma ka tambayi kanka: in aka kira matar nan daga asibiti wata rana, sannan ta ji cewa yaron da ta ajiye wa abincin buɗa-baki ya sani shekara guda bai faɗa mata ba, da wane ido za ka dube ta? Alƙawarin rufa asiri yana da iyaka, iyakarsa rai. Kada ka zagaya ta bayansa. Ka ce masa, "Ka gaya wa Mama cikin mako ɗaya, in kana so in raka ka in zauna kusa da kai. In mako ya cika ba ka faɗa ba, ni zan faɗa." Ranar da za ku je, ka tafi da Narcan guda ɗaya na gidanta, ka nuna mata yadda ake fesa shi, don wata biyun da za ka yi a hanya ita ce za ta fi kowa kusa da shi.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciya. Ka rubuto min bayan kun zauna, ina so in ji yadda ta kaya.